Sun ce sun yafe, mu kuma mun koma mun nemi gafara?



Kwanan baya, bayan na sauka daga shiri, wani bawan Allah ya kira ni a waya. Bai faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce yana cikin samarin da suka fita a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, kuma har yau in ya bi ta gaban majami'ar Katolika sai ya kau da kai. Tambayarsa ɗaya: "Malam, mutum irina yana da hanyar komawa?"

Ga waɗanda suke ƙanana lokacin: zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ne ya tayar da hankali. A Damagaram aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa da Nijar, washegari wutar ta kai Yamai, inda hukuma ta ce an ƙona majami'u 45. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. Zafin da musulmi suka ji gaskiya ne, ni ma na ji shi. Amma waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba. Maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Duk da haka shugabanninsu suka fito suka ce sun yafe, suka hana mabiyansu ramuwa.

Ina wannan haƙuri ya samo asali? Ina lise wani mushenmu Kirista ya taɓa ba mu labarin Bitrus, babba cikin almajiran Yesu. A Linjilar da suke karantawa, Bitrus ya yi alkawarin ba zai gudu ba ko da mutuwa ce. Daren da aka kama ubangidansa, yana jin ɗumin wuta a tsakar gidan babban firist, sau uku ya ce bai ma san shi ba. Da zakara ya yi cara, ya fita yana kuka. Daga baya, a sura ta 21 ta littafin Yohanna, a bakin tafki, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo kuma ya damƙa masa kiwon tumakinsa.

Mu mutanen Alakos mun san nauyin wannan. Ba ka ba mutum garkenka sai ka amince da shi. Ke nan a wajensu yafiya ba ta tsaya ga "na yafe" kawai. Sai an mai da mutum cikin jama'a, an sake ba shi amana. Amma ku lura, Bitrus bai ɓuya ba. Ya yi nadama, ya dawo, ya amsa tambayar da ta yi masa zafi.

To nan ne nake ganin mun gaza. Su sun yi nasu rabin, namu rabin fa? Malamanmu sun koya mana sharuɗɗan tuba: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa ko ka nemi ya yafe. Ba a ce sai in mai haƙƙin musulmi ne ba.

Na san wani zai ce, me ya kawo tonon tsohon miki? Wallahi mikin da aka rufe da ruɓa a ciki shi ke kai mutum ga yanke ƙafa. Wani kuma zai ce in an buɗe ƙofa ga mai laifi, gobe ma zai sake. Ban ce a soke shari'a ba, aikin alƙali daban. Amma ku dubi Gudumariya, nan gaba da Gure a hanyar Diffa. Bayan da gwamnati ta yi tayin afuwa a ƙarshen 2016, can aka riƙa karɓar tubabbun Boko Haram, ana koya musu sana'a. Wahalar ba a cibiyar take ba, tana ranar da mutum zai koma garinsu: wa zai ba shi hannu, wa zai saya a wurinsa? Wanda aka rufe wa kowace ƙofa, daji zai sake kiransa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga amsar da na ba wanda ya kira ni. Na ce ka nemi dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa ya raka ka. Ka je ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ba da "ruɗin shaiɗan ne" ba. In kana da sana'a, gini ko walda, ka ba da ƙarfinka. In sun karɓe ka, alhamdu lillahi. In zuciyar wani ba ta huce ba, ka yi haƙuri, ba a tilasta wa wanda aka cuta.

Ku kuma jama'a, in irin wannan mutum ya dawo, kada mu zama masu yi masa gori. Ku rubuto mana ra'ayinku cikin ladabi, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Ya zaunar da Nijar lafiya.