An Kori Baƙi, To Ina Takardun?

Sojojin Faransa sun tattara nasu ya nasu daga Nijar a Disambar 2023. Amurkawa sun bar sansanin jiragensu marasa matuƙi na Agadas a Agustan 2024. A Yunin 2025 gwamnati ta ƙwace kamfanin SOMAIR daga hannun Orano. An yi guɗa, an sha tafi. Amma har yau mutumin Arlit bai ga takardar da za ta gaya masa abin da aka binne a ƙofar gidansa ba.

Tun 1957 masana duwatsu na Faransa suka gano uranium a Azelik. SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978, ya fitar da wajen tan 75,000 kafin a rufe shi a Maris ɗin 2021. Duk tsawon shekarun nan ana zana taswirar ƙarƙashin ƙasa, ana auna ruwan rijiyoyi, ana duba lafiyar ma'aikata a asibitocin kamfani. Komai a rubuce yake. Wa ya karanta? Sai da ƙungiyar CRIIRAD da Greenpeace suka zo da na'urorinsu kafin duniya ta ji cewa akwai guba a titunan Akokan da cikin ruwan sha. CRIIRAD ta ƙiyasta sharar da COMINAK ya bari da kusan tan miliyan 20.

Haɗa soja da ma'adinai a takarda ɗaya tsohuwar ɗabi'a ce. Yarjejeniyar tsaro ta Afrilun 1961 ta sa uranium cikin kayan da Faransa ke da fifiko a kansu. Da gwamnatin soja za ta sallami Amurka a Maris ɗin 2024, hujjarta ita ce an ƙulla zaman sojojin ba tare da sanin majalisa da jama'a ba. Madalla. To bisa wace takarda masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai wata guda bayan haka? Wa zai sayi uranium ɗin SOMAIR yanzu, kuma nawa? Abin da ya zama laifi a hannun baƙo bai zama halal don ɗan gida ne ya aikata ba.

Za a ce sirrin tsaro ne, a bar kaza cikin gashinta. Babu mai neman a faɗi inda aka girke makamai. Amma awon ruwan da jariri ke sha ba sirrin yaƙi ba ne, haka ma fayil ɗin tsohon ma'aikacin da tari ya kwantar. Tsarin mulkin 2010, sashe na 150, ya wajabta buga kwangilolin ma'adinai gaba ɗaya a jaridar gwamnati. An jingine tsarin mulkin, amma haƙƙin jama'a na nan daram.

A buga kwangiloli, tsofaffi da sababbi. A karɓo bayanan binciken ƙasa da ke hannun Orano. A liƙa sakamakon awon ruwa a Arlit da Hausa da Tamashek, a karanta shi a rediyo. A damƙa wa iyalan ma'aikata fayilolin asibiti. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mutanen Arlit sun haura shekara 50 a cikinsa.