A Sauka Wuri Ɗaya, A Yi Sammako, A Komo Kafin Magariba

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma akwai wanda zai kashe kuɗi ya je har bakin teku, ya yi kwana bakwai, ya komo gida ba abin da ya ƙaru da shi sai hotuna da yashi a takalmi. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ra'ayina game da yadda ya dace a ci irin wannan hutu. Ra'ayin nawa shi ne a sami gari ɗaya a sauka, kullum a yi sammako a fita da mota zuwa wuri ɗaya tak, a kuma komo masauki kafin magariba.

Ba da ka nake magana ba. A dogon hutun da ya wuce Baba ya kai mu ƙasar Gana wurin ƙanensa, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Cape Coast. Garin yana bakin teku, kimanin kilomita 150 yamma da Akra, kuma shi ne hedkwatar Turawan Ingila a wannan ƙasa har zuwa 1877. A gidan Baffa muka sauka cikin zango, inda muka tarar ana jin Hausa kamar a gida. Motarsa ce ta yi ta yawo da mu.

Kwana biyun farko a cikin gari muka yi su. Mun sha iskar teku, mun kuma shiga katafaren gidan nan mai ganuwa wanda mutanen Suwidin suka fara kafawa a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi. Mun ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare bayi, da ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgin ruwa, wadda in an bi ta ba a komowa. Ni dai a lokacin na ɗauka na gama ganin abin da ya kawo ni. Sai Baffa ya ce mini, "Ɗana, nan ƙarshen hanya ka gani. Farkonta yana can ciki, sai mun shiga mota."

Fitarmu ta farko Elmina muka nufa, kimanin kilomita 13 kawai. Baffa ya hana mu zuwa ran Talata, domin bisa al'ada masunta ba su shiga teku a ranar. Da muka je ran Laraba da sassafe sai muka tarar bakin ruwa cike da kwale-kwale masu fenti iri-iri, mata na ta cinikin kifi. Gidan ganuwar Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, watau shekara goma kafin Kolambus ya isa Amurka. Zinariya suka zo nema da farko, cinikin bayi ya biyo baya. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, bayan sun hau wani tudu da ke fuskantarsa sun yi ta ɓarin wuta da igwa. Mun hau tudun nan da ƙafafunmu, daga can kuwa ko ba a gaya maka ba za ka gane dalilin da ya sa gidan ya faɗi. Abin da na yi ta haddacewa a aji ina mantawa, ran nan ya zauna mini.

Kashegari muka yi arewa kimanin kilomita 30 zuwa gandun dajin Kakum. Mu da muka saba da ƙaya da kuka da sararin Allah, sai ga mu cikin kurmin da rana ba ta kai wa ƙasa. Akwai gadoji bakwai na igiya da katako da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa tun 1995, tsawonsu duka ya haura mita 300, ana tafiya a kansu can sama da rassa. Ƙanwata ta yi kuka a gada ta farko, ta yi dariya a ta ƙarshe. Da azahar mun komo gida, muka ci dokunu da soyayyen kifi, muka yi barci.

To, a nan ne muka yi kuskure. Da muka ga abin yana daɗi sai muka matsa wa Baffa lalle ya kai mu Kumasi mu komo a yini ɗaya, alhali tafiyar ta fi kilomita 200. Ya ce ba dabara ba ce, muka nace, Baba ya goyi bayanmu. Mun fi awa takwas cikin mota zuwa da komowa, abin da muka yi a garin bai kai awa uku ba. Ba mu ga fadar sarkin Asante da kyau ba, ba mu ga kasuwa da kyau ba. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana kan faɗi wajen ƙarfe shida, duhu kuma ya rufe nan da nan. Dare ya yi mana a hanya, ga manyan motoci suna haske mana ido, ga Baffa ya gaji yana ta murza fuska. Inna ba ta daina salati ba sai da muka ga fitilun gari. Allah ya kiyaye, amma kowa ya san ganganci muka yi, kuma haɗamarmu ce ta jawo.

Abin takaici, a kan wannan hanya muka wuce Assin Manso da gudu har sau biyu, ga shi kuwa kimanin kilomita 40 ne daga masaukinmu. Sai da muka huta kwana guda sannan muka koma musamman dominsa. A nan akwai rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wanka na ƙarshe kafin a kai su bakin teku. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Muna tsaye a bakin rafin Baba ya tuna mana cewa da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa wankan nan ta kasuwar Salaga suka biyo, watau Gwanjan da fatakenmu suke zuwa sarin goro. Ba kanwa da tufafi kaɗai aka sayar a can ba, har da mutane. Ashe labarin da na ɗauka na Turawa da mutanen kudu ne, da mu a ciki. Da a bakin teku muka zauna, da ban taɓa sanin haka ba.

Na san wani zai ce ai hutu don hutawa aka yi shi, ina amfanin tashi da asuba? Amsa ita ce wanda ya fita da hantsi ya komo da la'asar ya fi mai yini a kwance jin daɗin barci, kuma ba wanda ya hana a tsallake rana ɗaya a zauna gida. Wani kuma zai ce gara a yi ta tafiya gari-gari, a kwana inda dare ya yi, an fi ganin wurare. Ƙila haka ne ga samari marasa kaya. Amma mai iyali, da yara da tsofaffi, kullum ɗaure kaya da kwance kaya da neman masauki da cinikin ɗaki za su cinye masa yini da aljihu. Mai masauki ɗaya ya san inda zai yi salla, ya san abin da zai ci, ya san inda zai nufa in yaro ya yi zazzaɓi. Maganar kuɗin mai kuwa, duk fitarmu uku ta kusa in an haɗa ba ta kai rabin tafiyar Kumasi ba.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da Allah ya hore wa halin kai iyali bakin teku, ko Gana ne, ko Legas, ko Kalaba, su zauna da taswira tun kafin a tashi. Duk wurin da ya wuce tafiyar awa ɗaya da rabi a bar shi sai wani zuwan, ko kuwa a je a kwana can. A duba taya da ruwa da mai tun da dare, a tambayi 'yan gari ranar da ta fi dacewa. Mu kuma ɗalibai mu riƙa tafiya da littafi da biro, mu daina matsa wa direba don son a ce mun je wuri kaza. Wanda ke riƙe da sitiyari shi ya san nauyin rayukan da ya ɗauko.

Allah ya kai mu hutu na gaba lafiya, ya kuma komo da kowa gida lafiya, amin.