TSOKACI: Sakaya suna daban, satar suna daban

A harkar fim, canza suna ba baƙon abu ba ne. Marigayi Rabilu Musa ya bar duniya a 2014, amma har gobe da Ibro aka san shi. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta yi tashe da Biba Problem, Sulaiman Yahaya ya koma Bosho, ita kuwa Hadiza Aliyu sunan ƙasar da aka haife ta, Gabon, ya bi ta. Sai dai duk waɗannan fuskarsu a fili take, kowa ya san mai sunan.

Abin da ya zama ruwan dare yanzu wani abu ne daban. Mutum zai kwashi hotunan fitacciyar 'yar wasa, ya buɗe shafi da sunanta a Facebook ko TikTok, ya zauna yana amsa gaisuwar masoya kamar shi ne ita. Waɗanda suka fi faɗawa tarkon su ne na nesa da Kano, irin matasan Gummi, Anka da Bukkuyum, waɗanda ba su taɓa ganin jaruman ido da ido ba, balle su san ofishin furodusa.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne. Yarinya za ta tura saƙo: "Anti, wallahi ina son ki, ina son in shiga fim." Nan take amsa za ta zo da daɗin baki. Bayan kwana biyu sai a ce ta turo kuɗin fom. Daga nan sai katin waya, sai kuma hotuna "don darakta ya ga ko ta dace". To, nan fa gizo ke saƙar. Kuɗi sun tafi, hoto ya shiga hannun wanda ba a sani ba, kuma idan ya fara barazanar watsa shi, kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ko da mahaifiyarta ba. Ita kuma 'yar wasan da aka ari sunanta tana can ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, sai zagi ya iske ta.

Wasu na cewa maganin abin shi ne a tilasta wa kowa amfani da sunansa na yanka. Amma mutumin yammacin Zamfara ya fi kowa sanin cewa ba duk mai ɓoye suna ne macuci ba. A watan Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna yankin sun ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. A irin wannan hali, sau nawa ake jin gidajen rediyo na cewa "wani mazaunin yankin da ya nemi a sakaya sunansa"? Inda ake tsoron masu kai wa ɓarayin daji rahoto, faɗin suna na iya zama sanadin rai. Kuma a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar, jama'a sun ɗanɗana abin da ake nufi da a rasa hanyar kai kuka.

Saboda haka mai sakaya suna don ya tsira da ransa yana da uzuri. Mai ɗaukar sunan wani don ya ci da shi kuwa ɓarawo ne, ko da bai haura katanga ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 22, ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yin sojan gona da sunan wani.

Su ma 'yan fim akwai aiki a gabansu. Ya kamata kowane jarumi ya riƙa fitowa da bakinsa a bidiyo yana bayyana shafinsa na gaskiya, ƙungiya irin MOPPAN kuma ta yi ta nanata cewa ba a shiga fim ta saƙon waya. Masoyi kuma, duk "jarumar" da ta nemi kati ko hoto, ya ce ta kira shi ta bidiyo tukuna, ya kuma nuna wa wani babba a gida kafin ya tura ko sisi.

Allah ya kyauta.