Shari'ar korarren ma'aikaci: a ofishin lauya ake cin ta ko a faɗi

Ma'aikacin tarayya da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba yakan nemi lauya mai kaifin baki. Amma a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa shari'o'in aiki a sashe na 254C, shiri ya fi fasahar magana tasiri.

Abu na farko shi ne lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba mai ƙara wata uku kacal ya shigar da ƙararsa. Kotun Ƙoli ta ce a 2019 wa'adin bai shafi shari'ar aiki ba, sai kuma ta yi aiki da shi a wata shari'ar a 2021. Lauya mai hangen nesa ba ya caca da wannan saɓani: ya shigar da ƙara cikin wata ukun. Ma'aikata da dama suna ɓata watanni wajen rubuta takardun roƙo da bin manya kafin su tuna da kotu. Ga shi kuma dokokin wasu hukumomi sun wajabta a ba su sanarwar wata guda kafin a maka su.

Na biyu, takardu. Ƙa'idar kotun ita ce a haɗa takardar ƙara da bayanan shaidu na rantsuwa da dukkan hujjoji tun ranar farko. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta tuhuma da amsarta, da ta sallama, duk su kasance a hannu. Saƙon WhatsApp ko na imel yana buƙatar takardar tabbaci bisa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Idan ma'aikata ta ɓoye fayil, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta ba ta kwana bakwai ta amsa buƙata.

Na uku, a san abin da ake son tabbatarwa. Ƙiyayyar shugaba tana da wuyar hujja. Tsallake matakan ladabtarwa kuwa a takarda yake bayyana. Tun shari'ar Shitta-Bey a 1981 da ta Olaniyan a 1985, kotu na iya mayar da ma'aikaci kujerarsa idan doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsa kuma aka keta su. Hadiman 'yan siyasa galibi ba su da wannan kariya. Lauya mai amana ya gaya musu gaskiya: su nemi bashin albashi da alawus, su manta da komawa ofis.

Na huɗu, samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Dokar zartar da hukunci ta buƙaci amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma ana yawan jayayya a kai game da asusun bai ɗaya da ke Babban Banki. Saboda haka a zaɓi wanda ake ƙara daidai, a lissafa haƙƙin wata-wata, kada kuma a raina cibiyar sulhu ta kotun.

Ma'aikacin da ke neman lauya ya fara da tambaya biyu: yaushe wa'adi zai cika, kuma ta yaya kuɗin zai fito? Lauyan da ya kasa amsa su bai shirya ba.