Tarkon masu safarar mutane ya koma cikin wayar hannu

A watan Afrilun 2020, wani mutum a Lebanon ya wallafa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a wani zauren saye da sayarwa na Facebook, yana tallar ta a kan dala 1,000. Sai da jama'a suka yi caa, hukumomin Najeriya suka sa baki, sannan aka kama shi, aka kuɓutar da matar. Kafin nan, a ƙarshen 2019, binciken sashen Larabci na BBC ya bankaɗo yadda ake cinikin 'yan aikin gida a Kuwait ta manhajojin waya da Instagram.

A da, sai dillali ya taka har gida ya yi wa iyaye romon baka. Yanzu daga wata ƙasa yake ɗana tarkonsa da tallar aikin otal a Dubai, ko aikatau a Saudiyya, ko gurbin karatu, ko alƙawarin aure. Da zarar budurwa ko saurayi ya amsa, sai a janye shi zuwa WhatsApp inda babu idon kowa. A biya masa kuɗin jirgi, a rubuta masa shi bashi. Yana sauka a karɓe fasfonsa. Wasu matan kuma, da hotunan tsiraicin da aka yaudare su suka aika ake rufe musu baki.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP, aka sabunta dokarta a 2015, shekarar da aka samar da dokar yaƙi da laifukan intanet. Sai dai mai laifi kan goge shafinsa cikin daƙiƙa guda ya buɗe wani, alhali neman bayanai daga kamfanin da ke Amurka kan ɗauki lokaci mai tsawo.

Don haka wajibi ne gwamnati ta wadata NAPTIP da kuɗi da ƙwararrun masu bin sawun laifi a intanet. Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi, ta riƙa yaɗa sunayen masu lasisin a rediyo da harsunan gida. Kamfanonin sada zumunta su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa, Yarbanci, Ibo da Bini, domin da waɗannan harsuna ake yaudarar mutane.

Iyaye da malamai da masu unguwanni ma suna da nasu nauyin. Duk wanda ya yi alƙawarin biza ba tare da kwantiragi a rubuce ba, ko ya nemi a ɓoye wa dangi maganar tafiya, to akwai lauje cikin naɗi. A kai maganarsa ofishin NAPTIP mafi kusa tun kafin a miƙa fasfo.