Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa

Mai Girma Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wutar lantarki, domin yanzu ikon gyara ta ya shigo hannunka da na takwarorinka 18.

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohinmu sun yi sama da mako guda cikin duhu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi ya samu matsala, shi ke nan harkoki suka tsaya daga Kano har Gombe. Masu walda suka rufe shago, injinan casar shinkafa suka yi shiru, ƙanƙara ta gagari mai zazzaɓi. Mutanen Maiduguri sun riga kowa ɗanɗana wannan tun Janairun 2021, lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka kayar da turakun layin Damaturu. Bai kamata rayuwar yanki mai wannan yawan jama'a ta rataya a kan layuka ƙalilan da suka ratsa dazukan da masu gyara ba sa iya shiga sai da rakiyar jami'an tsaro ba.

A da, in an ɗauke wuta sai a tayar da janareto. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, wannan dabara ta fi ƙarfin talaka. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda ya fi jin jiki, kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne manomin rani a Kura, Kadawa da fadamun Haɗeja. Injin ban-ruwansa fetur yake sha. Da man ya yi tsada sai ya rage filin da yake nomawa, mu kuma muka biya a kuɗin tumatir, albasa da alkama. Matan gida da gas da kananzir suka gagara sun koma gawayi, ana ta sare itatuwa a ƙasar da hamada ke ci daga Sakkwato zuwa Yobe. Duk wanda ya yi azumin 2024 ya san yadda zafi ya ƙaru, ya kuma san halin tsoho da jariri a ɗakin da fanka ba ta juyawa.

Ranka ya daɗe, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wuta, rarraba ta da kafa hukumar da za ta sa ido a kanta. Uzurin cewa komai na Abuja ne ya ƙare. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, kuma tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a 2023 ta nuna abin yana yiwuwa, sai dai megawat 10 ba za ta riƙe ko masana'antun Sharaɗa da Bompai ba. Kai da kanka ka san shekarun da madatsar Dadin Kowa ta yi cike da ruwa kafin a fara samun wuta daga gare ta. Ba mu da halin sake irin wannan jira.

Roƙona shi ne ƙungiyarku ta haɗa kuɗi wuri guda, ta gina tashoshin sola masu batura a gefen manyan biranenmu, a fara da asibitoci da tashoshin ruwan famfo. A ba manoman rani injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana bashi, su biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyinsu ba ta hannun 'yan siyasa ba. Ku kuma matsa lamba a kammala bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK) da aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020.

Muna son ganin wannan a kasafin kuɗin kowace jiha, da adadin megawat da ranar kammalawa, yadda za mu iya bibiya. Allah Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani ɗan Arewa daga Kano