LAFIYA UWAR JIKI: Karaya Ba Tare Da Faɗuwa Ba

Wanda ya faɗo daga bisa ya karye, ba abin mamaki ba ne. Amma idan tsohuwa ta sunkuya ɗaukar buta ƙashin bayanta ya karye, ko yaro ya karye garin rarrafe, to, akwai magana. Mai ɗori yana iya haɗa ƙashi, amma ba ya gano abin da ya ci ƙarfinsa.

Likitocin ƙashi, irin na Asibitin Dala da ke Kano, sukan fara da ɗaukar hoto, sa'an nan su auna kalsiyam da bitamin D a jini. Mace idan haila ta ɗauke mata, ƙashinta yakan zaizaye a hankali. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma suna raunana shi. Wani kuwa kansar ɓargo ce ke cinsa a ɓoye. Akwai kuma yaran da kan gaji raunin ƙashi, farin idonsu yakan yi shuɗi-shuɗi.

Kowane dalili da irin maganinsa. Wanda aka ɗora bai bincika ba, yana iya sake karyewa, cutar kuwa tana ƙara nisa. Allah ya ba mu lafiya, amin.